Amsoshin Takardunku: Shin Bindiga Ce Ta Ga Bayan Samurai?

Takardar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Damagaram, Jamhuriyar Nijar, kuma saboda tsawon amsar mun ba ta filin baki ɗaya.

TAMBAYA: Ina da ɗa saurayi wanda ba ya gajiya da wani wasan yaƙi na kwamfuta, inda ake nuna mayaƙan Japan da ake kira samurai suna rugowa da takubba, sojoji masu kaki kuma suna zubar da su da bindiga. Ya ce mini haka tarihin yake, wai samurai sun ƙi bindiga saboda riƙon al'ada, shi ya sa zamani ya shafe su. Har yakan yi mini gugar zana da wannan in na yi masa faɗa. Don Allah ku ba ni tarihinsu, kuma da gaske ne bindiga ce ta ga bayansu?

AMSA: To Malam, mun gode da wannan takarda taka, kuma ka gaishe mana da saurayin. Amsar a taƙaice ita ce a'a. Samurai ba su ƙi bindiga ba. Sun riƙe ta sama da shekara 300 kafin a rushe su, kuma waɗanda suka rushe su ɗin su ma samurai ne. Amma bari mu ɗauko zancen daga tushe.

Kalmar samurai ta samo asali ne daga wata kalmar Japananci mai ma'anar yi wa babba hidima, watau kamar mu ce bara ko barde. Tun wajen ƙarni na 10 suka fara tasowa, suna gadin gonakin manya suna karɓo musu haraji, har suka zo suka fi iyayen gidansu ƙarfi. A ƙarshen ƙarni na 12 wani shugabansu mai suna Minamoto Yoritomo ya kafa gwamnatin soja a garin Kamakura, aka naɗa shi Shogun a shekara ta 1192, watau babban sarkin yaƙi. Daga nan Japan ta zama ƙasa mai kai biyu. Sarkin Sarakuna yana zaune a birnin Kyoto da girmansa da alfarmarsa, mulki kuwa yana hannun masu makami. Abin lura a nan, samurai na farko ba takobi ne babban makaminsa ba. Mahayin doki ne maharbi, kwari da baka ne sana'arsa. Takardun da mayaƙan ƙarni na 14 suka riƙa rubutawa suna neman lada, inda kowa ke lissafa raunukan da ya ji a fagen fama, sun nuna kibiya ta fi takobi ɓarna nesa ba kusa ba. Mutumin da ya saba kashe abokin gaba daga nesa kuwa, ba zai ga abin kunya a bindiga ba.

Haka kuwa aka yi. A shekara ta 1543 iska ta koro wani jirgin ruwa na 'yan Sin zuwa tsibirin Tanegashima a kudancin Japan, a cikinsa da waɗansu Turawan Fotugal ɗauke da bindigogi masu lagwani, irin waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki. Sarkin tsibirin, Tanegashima Tokitaka, matashi ne a lokacin, ya sayi biyu da tsada, ya miƙa wa maƙerinsa ya ce ya ƙera masa irinsu. Wannan ya zo daidai da zamanin da Japan ke cikin yaƙin basasa, kowane sarkin yanki yana neman haɗiye maƙwabcinsa, don haka kasuwar bindiga ta buɗe nan da nan. Garuruwan Sakai da Kunitomo suka zama matattarar maƙeran bindiga, har sunan tsibirin nan ya zama sunan bindigar kanta.

Shekara 32 bayan haka, watau a 1575, aka gwabza a Nagashino. Oda Nobunaga da abokinsa Tokugawa Ieyasu suka jera 'yan bindiga a bayan shingen itace, suka ragargaza rundunar Takeda Katsuyori. Labarin da ya fi yaɗuwa ya ce bindigogi 3,000 ne, kuma an raba su sahu uku suna harbi bi da bi. Masanan tarihi na Japan da dama sun yi jayayya da wannan, suna cewa tsofaffin rubuce-rubuce 1,000 suka ambata, zancen sahu ukun kuma daga baya aka ƙara masa gishiri. Ko ma wanne ne, su kansu mutanen Takeda suna da bindigogi, albarushi da dalma ne suka yi musu ƙaranci, saboda tashoshin ruwan da ake shigo da su suna hannun Nobunaga. Akasarin masu harbin dakarun ƙasa ne da ake kira ashigaru, amma samurai ne ke sayen bindigogin, su ke horar da masu harbin, waɗansunsu ma gwanayen harbi ne da suka kafa makarantu.

Wanda ya gaji Nobunaga, Toyotomi Hideyoshi, shi ne ya yi abin da ya fi muhimmanci ga tambayarka. A 1588 ya ba da umurni a ƙwace takubba da masu daga hannun manoma, ya fake da cewa za a narke su ne a yi ƙusoshin wani katafaren gunkin Buddha. Daga wannan lokaci takobi ya tashi daga makami kurum, ya zama shaidar matsayi. Bayan Ieyasu ya ci yaƙin Sekigahara a 1600 ya zama Shogun a 1603, gidansa na Tokugawa ya mulki ƙasar daga birnin Edo, wanda shi ne Tokyo a yau, har shekara 260 da ɗoriya. Aka kori Turawan Fotugal a 1639, aka bar 'yan Holan kaɗai cikin Turawa suna ciniki a wani ɗan tsibiri a Nagasaki. Bayan tawayen Shimabara na 1637 zuwa 1638, Japan ta shafe fiye da shekara 200 ba ta ga wani babban yaƙi ba.

To Malam, ka san halin sojan da ba yaƙi. Samurai, waɗanda su da iyalansu ba su wuce kashi 6 ko 7 cikin 100 na jama'a ba, suka koma magatakarda da masu karɓar haraji da masu gadin ƙofa. Su kaɗai ke da izinin rataya takobi biyu, dogo da gajere, kuma ana biyansu albashin gado da shinkafa, da wani awo da ake kira koku, wanda ya kai wajen lita 180, abin da aka ƙiyasta zai ci da mutum guda shekara. Albashin ba ya ƙaruwa, rayuwa kuwa tana tsada. Da yawansu bashin dillalan shinkafa ya yi musu katutu, ƙananansu har laima suke haɗawa a gida suna sayarwa a ɓoye don su ci abinci. Bindiga ba ta ɓace ba, tana nan a rumbunan sarakuna da hannun manoma masu korar gursunan daji daga gona. Abin da ya faru shi ne ta tsaya inda take, ita ce dai mai lagwanin nan ta 1543, alhali Turai ta yi nisa.

Masu hankali sun hango haɗarin tun da wuri, musamman da labari ya iso cewa Ingila ta lallasa ƙasar Sin a yaƙin da suka yi kan cinikin ƙwayar ofiyom daga 1839 zuwa 1842. Amma abin da ya tashi kowa daga barci shi ne zuwan Matthew Perry, wani hafsan sojan ruwan Amurka, wanda ya shigo mashigin Edo a watan Yuli na 1853 da jiragen yaƙi 4, biyu daga ciki masu aiki da tururi. Shekara na zagayowa Shogun ya sa hannu a yarjejeniyar buɗe tashoshi, a 1858 kuma aka ƙara wata wadda ta hana Japan hukunta baƙi a kotunanta ko yanka harajin kaya yadda ta so. Samurai matasa suka fusata, suka ce Shogun ya sayar da ƙasa, suka ɗauki kirarin ɗaukaka Sarkin Sarakuna da korar baƙi.

Yankuna biyu ne suka fi zafin kai, Satsuma a can kudu da Choshu a yamma, kuma dukansu sun gwada korar baƙin da ƙarfi. A 1862 mutanen Satsuma suka sare wani ɗan kasuwa Bature ɗan Ingila saboda bai kauce wa ayarin ubangidansu ba, a 1863 jiragen Ingila suka zo suka yi wa birninsu Kagoshima ruwan wuta. Choshu kuma ta riƙa harbin jiragen baƙi a mashigin Shimonoseki, a 1864 Ingila da Faransa da Holan da Amurka suka haɗu suka rusa mata igogi. A nan ne fa labarin saurayinka ya fara karyewa. Waɗannan masu tsananin ƙin baƙi, da suka sha wuta, ba komawa suka yi suna wasa takubba ba. Satsuma ta ƙulla abota da Ingilar da ta ƙona ta, ta tura ɗalibai can a ɓoye a 1865. Choshu ta riga ta tura biyar tun 1863, cikinsu har da Ito Hirobumi wanda ya zama firayim ministan Japan na farko a 1885. Wani ɗan kasuwa ɗan Sikotilan da ke Nagasaki, Thomas Glover, ya riƙa sayar musu da bindigogi na zamani dubbai. A Choshu wani samurai mai suna Takasugi Shinsaku ya kafa rundunar Kiheitai a 1863, inda ya haɗa samurai da manoma da 'yan kasuwa a sahu ɗaya, wani kuma mai suna Omura Masujiro, ɗan likitan ƙauye da ya koyi dabarun yaƙi daga littattafan Holan, ya tsara musu horo. Da Shogun ya aiko da babbar runduna a 1866 don ya ladabtar da Choshu, sai aka kora ta gida da kunya.

Kada kuma a ɗauka shi Shogun ɗin yana ɓangaren gargajiya ne. Tun 1855 ya buɗe makarantar sojan ruwa a Nagasaki da malamai 'yan Holan, a 1860 jirginsa Kanrin Maru ya ƙetare tekun Fasifik har Amurka, a 1865 ya fara gina masana'antar jiragen ruwa a Yokosuka da taimakon Faransa, a 1867 kuma hafsoshin Faransa suka iso suna horar masa da dakaru. Rundunar ruwansa ta fi ta kowa ƙarfi a ƙasar.

Saboda haka yaƙin da ya ɓarke a watan Janairu na 1868, wanda ake kira yaƙin Boshin, yaƙi ne tsakanin samurai masu bindiga da samurai masu bindiga. A karon farko, a Toba da Fushimi kusa da Kyoto, mutanen Shogun Tokugawa Yoshinobu sun kai 15,000, na Satsuma da Choshu kuwa wajen 5,000. Gaskiya ne a cikin rundunar Shogun akwai waɗanda suka zo da masu da takubba, kuma sun sha wuya. Amma abin da ya karya su ba ƙarfe ba ne, ƙyalle ne. Da aka ɗaga tutar Sarkin Sarakuna a sansanin Satsuma da Choshu, duk mai yaƙarsu ya zama ɗan tawaye. Garin Yodo ya rufe wa mutanen Shogun ƙofa, dakarun Tsu suka juya igoginsu suka harbe su, shi kuma Yoshinobu ya sulale cikin dare ya hau jirgi ya koma Edo. Birnin Edo ma ba a ci shi da yaƙi ba, zama aka yi tsakanin Saigo Takamori na Satsuma da Katsu Kaishu na ɓangaren Shogun, aka miƙa fada lami lafiya.

Waɗanda suka ƙi miƙa wuya a arewa, su ma ba 'yan takobi ba ne. Ƙaramin yankin Nagaoka yana da bindigogi biyu masu aman harsashi samfurin Gatling. A ganuwar Aizu wata mata mai suna Yamamoto Yae ta yi suna da harbi da bindigar Spencer mai cin harsashi 7. Na ƙarshensu, Enomoto Takeaki, wanda ya yi karatun aikin jirgi a Holan, ya gudu da jiragen Shogun zuwa tsibirin Hokkaido tare da waɗansu hafsoshin Faransa, cikinsu da Jules Brunet, ya kafa gwamnati a wata ganuwa mai siffar tauraro irin ta Turai a Hakodate, sai a tsakiyar 1869 ya sallama. Kuma ka ji ikon Allah, shi wannan Enomoto daga baya minista ya zama a gwamnatin da ya yaƙa.

Yanzu mun zo gindin maganar. Waɗanda suka karɓi mulki da sunan Sarki Meiji, wanda yaro ne ɗan shekara 15, kusan dukansu samurai ne, akasari ma ƙanana waɗanda tsohon tsari ya danne. Da ɗan gari akan ci gari. Sun duba suka ga ƙasar da ke da sarakunan yankuna sama da 250, kowa da rundunarsa, ba za ta iya tsayawa gaban Turawa ba. Suka kuma duba baitulmali suka ga albashin gadon samurai yana lashe kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin gwamnati. A 1871 suka rushe yankunan suka mai da su larduna, kuma Saigo ne ya tsaya da dakarunsa don kada wani sarki ya motsa. A wannan shekara aka ce wanda ya so ya aske tukkunsa ya aske. A watan Janairu na 1873 aka kafa dokar aikin soja na tilas, duk namijin da ya kai shekara 20 zai iya shiga ƙuri'a ya yi shekara 3, ko ɗan wane ne. Omura ne ya fara wannan shawara, kuma saboda ita waɗansu samurai suka sassare shi a 1869 ya mutu. Yamagata Aritomo na Choshu ya ƙarasa aikin.

Abin dariya, su manoman ma ba su yi murna ba. Sanarwar gwamnati ta kira aikin sojan harajin jini, mutanen ƙauye suka ɗauka jininsu za a tsotse a sayar wa Turawa, aka yi ta bore a 1873. Ban da haka mai kuɗi yana iya biyan yen 270 a ƙyale ɗansa, don haka ɗan talaka ne ya sa kaki.

Ga samurai kuwa, wannan doka ta cire musu dalilin zamansu. In ɗan manomi zai iya yaƙi, don me za a ci gaba da ciyar da su? A 1876 aka kammala. A watan Maris aka hana kowa rataya takobi sai soja da ɗan sanda da mai kayan sarauta, a watan Agusta kuma aka soke albashin gado aka ba su takardun lamuni na gwamnati a madadinsa. Manyansu sun sami abin zuba jari, ƙananan kuwa abin da suka samu bai isa cefane ba. Da yawa suka sayar da takardun suka buɗe kanti, suka karye, har kasuwancin samurai ya zama abin ba'a a Japan.

Don mu yi wa saurayinka adalci, akwai waɗanda suka yi daidai da hoton da ya gani. A watan Oktoba na 1876 wata ƙungiya mai suna Shinpuren, mutum ƙasa da 200, ta auka wa barikin Kumamoto cikin dare da takubba da masu kaɗai, saboda sun ɗauki bindiga ƙazantar baƙi ce. An ce in za su wuce ƙarƙashin wayar tangaraho sai sun kare kansu da mafici. Sun kashe kwamandan barikin da gwamnan lardin, amma kafin wata rana ta faɗi an gama da su. Iyakarsu ke nan, mutum ƙasa da 200 da kwana ɗaya.

Babban tawayen, na Satsuma a 1877, labarinsa dabam ne. Saigo ya ajiye aiki tun 1873 bayan saɓani kan batun Koriya, ya koma Kagoshima, aka buɗe makarantu da sunansa. Me ake koyarwa a ciki? Ɗaya ta 'yan bindiga ce, ɗaya ta 'yan igwa. Kuma abin da ya kunna wutar shi ne gwamnati ta turo jirgi a asirce ya kwashe makamai daga rumbunan Kagoshima, ɗaliban suka fasa rumbunan suka wawashe bindigogi da harsasai. A watan Fabrairu mutum wajen 13,000 suka fita cikin dusar ƙanƙara, bataliya bataliya, da igoginsu, Saigo kuma sanye da kakinsa na janar ɗin sojan Japan. Sun ɗauka 'ya'yan manoman da ke tsaron ganuwar Kumamoto za su watse da ganinsu. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: sama da kwana 50 suna kewaye da ganuwar ba su shiga ba.

A tudun Tabaruzaka aka yi kwana 17 ana ɓarin wuta a watan Maris. Sojan gwamnati kan harba harsashi sama da 300,000 a rana, har yau akan tono harsasai biyu da suka yi karo a iska suka manne da juna. Bambancin makaman shi ne, na gwamnati samfurin Snider ne da ake ɗura wa harsashi ta gindi, akasarin na Satsuma kuwa Enfield ne da ake ɗurawa ta baki, ga shi ana ta ruwan sama albarushi yana jiƙewa. Da harsashi ya yi musu ƙaranci sai suka koma kai farmaki da takobi, kuma lalle sun firgita sababbin sojoji. Me gwamnati ta yi? Ta zaɓo 'yan sanda gwanayen takobi ta tura su, su ma tsofaffin samurai, cikinsu da mutanen Aizu da suka zo ramuwar abin da Satsuma ta yi musu a 1868. Ka ga ke nan takobi yana ɓangarorin biyu, bindiga ma haka. Abin da gwamnati ke da shi wanda Saigo ba shi da shi, shi ne wayar tangaraho, da jiragen ruwan kamfanin Mitsubishi masu jigilar dakaru, da masana'antun harsashi, da harajin ƙasa baki ɗaya. Yaƙin ya ci mata kusan yen miliyan 42. Ran 24 ga watan Satumba aka ritsa Saigo a dutsen Shiroyama da 'yan ɗaruruwan da suka rage masa, sojoji wajen 30,000 na kewaye da su. Harsashi ya same shi, wani na hannun damarsa ya fille masa kai bisa al'adarsu, sauran suka ruga cikin wuta.

Wannan safiya guda ita ce masu fim da masu wasanni suka ɗauka suka shimfiɗa a kan tarihin duka. Fim ɗin The Last Samurai na 2003 ya sa mayaƙansa cikin sulken da aka daina yayi tun ƙarnoni, ya hana su bindiga sam. Wasan da ɗanka ke yi kuwa, bisa kwatancenka ya yi kama da Fall of the Samurai, wanda kamfanin Creative Assembly na Ingila ya fitar a 2012 a matsayin ci gaban Total War: Shogun 2 na 2011. Sai da muka sa wani yaro a nan ofis ya nuna mana shi, kuma gaskiya ba mu raina aikin ba. Wasan yana farawa daga 1864, kana iya bin Shogun ko Sarkin Sarakuna, kowane ɓangare yana iya sayen bindigogin zamani da jiragen ƙarfe ya ɗauko hafsoshin Turawa, kuma in ka cika gina masana'antu jama'arka sukan yi maka bore. Duk wannan yana da tushe. Haka a na 2011, in ka buɗe wa Turawan Fotugal tasha kana samun bindiga amma addinin Kirista yana yaɗuwa a ƙasarka, kuma haka ya faru a tsibirin Kyushu.

Inda matsalar take shi ne, mai tsara wasa dole ya ba ka runduna iri biyu da ido zai bambance daga nesa, don haka sai ya ware masu sulke da takobi ya ce su ne na gargajiya, masu kaki ya ce su ne na zamani. Tsofaffin wasanni irin su Age of Empires II na 1999 ma sun fi haka sauƙaƙawa, samurai a can wani ɗan dakare ne mai takobi da kake saye da zinariya da abinci. To amma samurai ba irin soja ba ne kamar ɗan igwa ko mahayi, matsayi ne na gado. Yawancin masu kakin nan da ɗanka ke gani suna harbi a yaƙin 1868, a zahiri samurai ne da suka tuɓe sulke. Kuma ba wani wasa da zai ba ka aikin zama da akawu kana lissafin albashin shinkafa na gidaje dubu ɗaruruwa, alhali a kan wannan teburin aka yanke hukuncin. Ko layin dogon da ake jigilar dakaru da shi a wasan riga-malam-masallaci ne, domin jirgin ƙasa na farko a Japan sai a 1872 ya tashi, tsakanin Tokyo da Yokohama, shekara 3 bayan an gama yaƙin Boshin.

Su kuwa samurai ba su ɓace ba, riga suka sake. Su suka cika aikin ɗan sanda da koyarwa da ofisoshin gwamnati, mutanen Choshu suka mamaye manyan muƙaman sojan ƙasa, na Satsuma suka riƙe na ruwa. Aka fara da koyi da Faransa, daga baya aka koma tsarin Jamus, har aka ɗauko wani hafsa Bajamushe, Jakob Meckel, a 1885. A 1880 wani mutumin Satsuma, Murata Tsuneyoshi, ya ƙera wa sojan bindiga ta gida. Togo Heihachiro, wanda ya nutsar da rundunar ruwan Rasha a Tsushima a 1905, yana ɗan shekara 15 yana cikin masu tsaron Kagoshima ranar da jiragen Ingila suka ƙona ta, kuma a Ingilar ya je ya koyo aikin. Shi kansa kirarin takobin nan, yawancinsa daga baya aka raya shi. Littafin Bushido na Nitobe Inazo, wanda ya yaɗa sunan samurai a duniya, da Turanci aka rubuta shi a wajen 1900 don Turawa su karanta. Sai a 1934 ne sojan Japan ya ajiye takobi irin na Turai ya koma ba hafsoshinsa mai siffar na dā, a lokacin da ake cusa wa 'ya'yan manoman nan cewa su ne magadan samurai, abin da ya kai ƙasar ga bala'in 1945.

Saigo dai gwamnati ta yafe masa a 1889, a 1898 kuma aka kafa mutum-mutuminsa a dandalin Ueno a Tokyo, inda yake har yanzu. Ba a sa masa kakin janar ɗin da ya fita yaƙi da shi ba, an nuna shi ne cikin 'yar rigar shan iska, da gajeren takobi a ɗamara, yana jan karensa. An ce ranar da aka yaye ƙyallen, matarsa ta duba ta ce sam mijinta ba haka yake ba.

Malam, sai mun sake ji daga gare ka.